Na'urori biyu tsara, rabo daban: wayar ganin fuska da kaset

0. Gabatarwa

Kowace shekara masu ƙera na'urori sukan hallara a manyan tarukan baje koli, irin na Las Vegas ko na Berlin, su nuna abin da suke cewa shi ne kayan gida na gobe. Da yawa daga cikin kayan nan samfuri ne kawai, ba a kai ga sayar da su ba, wasu ma ba za a taɓa kaiwa ba. A cikin wannan ƴar maƙala za mu koma baya mu dubi na'urori biyu da aka fito da su a irin waɗannan taruka, ƙasa da wata takwas tsakaninsu: kaset na kamfanin Philips, a 1963, da Picturephone na kamfanin AT&T, a 1964, wato wayar da ake ganin fuskar wanda ake magana da shi. Ta biyu ce aka yi wa kirari, amma ta farko ce ta shiga gidajen mutane har ƙauyukanmu. Manufarmu ita ce mu gano dalili, sa'an nan mu nuna abin da mai nazarin harshe zai iya ƙarawa a kan bayanin da masana tarihi da na tattalin arziki suka bayar.

1. Wayar ganin fuska

Tunanin haɗa hoto da murya a kan waya ya girmi 1964. A watan Afrilu na 1927 injiniyoyin AT&T sun aiko da hoton Herbert Hoover, wanda yake ministan ciniki na Amurka a lokacin, daga Washington zuwa New York yana cikin magana. A Jamus kuwa, hukumar gidan waya ta buɗe layin magana da gani tsakanin Berlin da Leipzig a watan Maris na 1936, sai yaƙin duniya na biyu ya tsayar da shi.

Ranar 20 ga Afrilu 1964, a baje kolin duniya na New York, AT&T ta nuna Picturephone, aka yi kira zuwa Disneyland a jihar Kalifoniya. A watan Yuni na shekarar aka buɗe ɗakunan kira a New York, Washington da Chicago. Minti uku tsakanin New York da Washington dalar Amurka 16 ne, zuwa Chicago kuwa 27. Ga tsada, ga shi kuma dole masu magana biyu su yi alkawarin lokaci, kowa ya tafi ɗakin kira na garinsa. Ɗakunan ba su yi kasuwa ba.

Duk da haka kamfanin bai karaya ba. A farkon Yuli 1970 ya soma sanya na'urar a ofisoshi a birnin Pittsburgh, a kan dalar Amurka 160 a wata, da minti 30 na kira a ciki. Chicago ta biyo baya a 1971. Hasashen kamfanin shi ne na'ura dubu 100 a 1975, da miliyan ɗaya a 1980. Masu rajista ba su taɓa kai 500 ba. Kafin tsakiyar shekarun 1970 an yi watsi da shirin, bayan an kashe abin da ake ƙiyastawa ya kai dalar Amurka miliyan 500.

Ta fuskar fasaha, hoton yana buƙatar faɗin zango na megahaz 1, wato fiye da ninki 300 na abin da murya ke buƙata. Kowace na'ura sai an ja mata tagwayen wayoyi uku: ɗaya na murya, biyu na hoto, na tafiya da na dawowa. Ke nan ba akwatin da ke kan teburi kaɗai ake saye ba, layin ma sai an sake masa gini.

2. Kaset

Kaset ya fito ba tare da wannan hayaniya ba. Wani rukunin injiniyoyin Philips ne ya ƙera shi a Hasselt, ƙasar Beljiyam, a ƙarƙashin Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. An ce Ottens ya sa an yanka guntun katako daidai aljihun rigarsa, ya ce na'urar kada ta wuce wannan girma. An nuna kaset ɗin tare da na'urarsa, EL 3300, ranar 30 ga Agusta 1963 a baje kolin rediyo na Berlin. Faɗin zarensa milimita 3,81 ne, yana tafiya santimita 4,76 a daƙiƙa. Sautinsa na farko bai kai na faifan garmaho ba, domin an yi shi ne musamman don ɗaukar magana.

Abin da ya yanke hukunci ya faru a 1965. A sakamakon matsin da Sony ta yi, Philips ta yarda sauran kamfanoni su ƙera kaset da na'urorinsa ba tare da biyan ladan mallaka ba, muddin sun bi awo ɗaya. Tsarin kishiya da Grundig ta fito da shi, DC-International, ya mutu cikin shekaru biyu. Daga nan kaset ɗin da aka cika a na'urar Japan zai yi magana a na'urar Holan, farashi kuma ya dinga sauka. Ingancin sauti ya ƙaru a farkon shekarun 1970, sa'an nan Walkman na Sony, wanda ya fito ranar 1 ga Yuli 1979, ya mayar da sauraro abin da mutum ke yi shi kaɗai yana tafe.

A ƙasar Hausa, abin da ya fi muhimmanci shi ne na'urar tana aiki da pil, ba ta jiran kuran, ba ta jiran layin gidan waya. Waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos sun ƙetare iyaka a cikin kaset, masu rumfa a kasuwa suna kwafa wa mai so. Ƴan ci-rani kuma sun same shi ya fi wasiƙa: mutum ya cika kaset da gaisuwa da saƙonni, ya ba mai tafiya gida, ba sai ya nemi wanda zai rubuta masa ba, iyalinsa ma ba sai sun nemi mai karantawa ba.

3. Me ya raba su?

Dalili na farko farashi ne, kuma alƙaluman da muka kawo a sama sun isa shaida.

Na biyu shi ne dogaro da wasu. Wanda ya sayi rediyo mai kaset zai ci moriyarta tun daren farko ko da shi kaɗai ke da ita a gari. Wanda ya sanya Picturephone kuwa, sai in wanda yake son kira shi ma ya sanya. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Wani masanin tattalin arziki na Bell Labs, Jeffrey Rohlfs, ya buga nazari a 1974 kan irin wannan buƙata da ke rataye da buƙatar wasu, kuma nazarin yana cikin tushen abin da ake koyarwa yau game da yadda yawan masu amfani ke ƙara wa hanyar sadarwa daraja.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Kowace na'urar magana tana ɗora wa mai magana sharuɗɗa. Picturephone ta ce: ka zauna a gabana, a lokaci ɗaya da abokin maganarka, ka yarda a kalle ka. A Amurka ma an sami masu cewa ba sa son a gan su a duk lokacin da waya ta buga. Kaset bai nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mai magana shi ke zaɓen lokacinsa, ya tsara gaisuwarsa daga manya zuwa yara, in ya yi tuntuɓen harshe ya goge ya sake. A al'ummar da ake jin kunyar suruki, kuma ƙura wa babba ido ba ladabi ba ne, muna ganin wannan sharaɗi na uku zai yi nauyi ƙwarai. Hasashe muke yi a nan, kuma muna miƙa shi ga ɗalibai masu neman batun bincike su gwada shi a fili.

4. Shaidar harshe

Ƙamus ma ma'auni ne na abin da ya zauna. Kalmar kaset ta shiga Hausa ta ɓangarori biyu na iyaka, ta Faransanci da ta Ingilishi, ta sami fi'ilan da ke tafiya da ita: ana cika kaset, ana juya shi, rediyo tana tauna shi. Faifai, wanda asalinsa abin saƙa ne na rufe ƙwarya, ya koma faifan garmaho, yau har ana cewa faifan bidiyo ga abin da ba shi da siffar da'ira ko kaɗan. Waya ta taso daga zaren ƙarfe ta zama tarho, ta ƙare a salula wadda ba ta da zare. Picturephone kuwa ba ta bar ko kalma ɗaya ba. Sunan "wayar ganin fuska" mu muka ƙirƙira shi don wannan maƙala. Na'urar da ba ta shiga hannu ba, ba ta shiga baki.

5. Abin da ya biyo baya

Ba a daina gwadawa ba bayan 1973. A Faransa, hukumar sadarwa ta shimfiɗa zaren gilashi a garin Biarritz a 1984, ta ba magidanta wajen 1.500 abin da suka kira visiophone. Gwajin bai bazu zuwa sauran ƙasar ba. A 1992 AT&T ta sake fitowa da VideoPhone 2500 a kan dalar Amurka kusan 1.500, ita ma ba ta karɓu ba. Ganin fuska bai zama ruwan dare ba sai da ya daina zama na'ura ta musamman ya koma ɗan aiki a cikin abin da mutane suka riga suka mallaka: Skype a kan kwamfuta, FaceTime a 2010, kiran bidiyo na WhatsApp a 2016, sa'an nan zaman gida na annobar 2020. Wato matsalar farashi da ta dogaro da wasu intanet ce ta warware su, shekaru kusan hamsin bayan baje kolin New York. Masanin tarihi Kenneth Lipartito ya nuna a 2003 cewa ko da Picturephone ta faɗi a kasuwa, ta taimaka wajen shata hanyar da aka bi daga baya.

A Nijar salula ta soma bazuwa daga 2001. Abin lura shi ne, daga cikin ayyukan da take yi, saƙon murya, wanda WhatsApp ta ƙara a 2013, shi ne ya gaji wasiƙar kaset kai tsaye: ba ya buƙatar iya rubutu, ba ya buƙatar mutane biyu su haɗu a lokaci ɗaya, ba ya buƙatar a ga fuska. Na'ura ta sauya, al'adar magana tana nan.

6. Kammalawa

Darasin da muka ɗauko shi ne, in aka nuna mana sabuwar na'ura a baje koli, tambayoyi uku sun fi kirarin masu talla amfani: nawa take, sai da wa take aiki, kuma me take nema daga mai magana?

Akwai kuma wani aiki da ke kanmu. Yawancin abin da aka ɗauko na karin harsunan Adar, Gobir, Arewa da Damagaram tsakanin shekarun 1970 da 1990 a kan kaset yake. Zaren kaset ba ya jure zafi, ƙura da laima, na'urorin da ke karanta shi kuma suna ƙaranci. Yawancin dattawan da suka yi magana a ciki sun riga mu gidan gaskiya, ba za a sake ɗaukar muryarsu ba. Muna ba da shawara a soma da ƙidayar kaset ɗin da ke cikin kabad ɗin malamai da na sashe, a rubuta wuri, shekara da karin harshen kowanne, sa'an nan a kwafe su a kwamfuta, tsofaffi da farko.