Daga Dokin Kara Zuwa Motar Kwali: Tarihin Ƙera Ƙananan Motoci a Gangara

Sa'ad da aka ce kowane ɗalibi a ajinmu ya rubuta takarda a kan wasannin yara na gargajiya, abokaina suka rarraba langa da tashe da 'yar tsana, ni kuwa na ce motar kara zan ɗauka. Aka yi mini dariya, wani ma ya ce ai mota baƙuwa ce, ina ruwanta da gargajiya. Ta wani fannin yana da gaskiya. Amma abin da kakana ya yi, ubana ya yi, ni ma na yi da hannuna, ina ganin ya isa a ba shi tabarma a zauren al'adunmu. Abin da na tattara a lokacin shi ne na kawo wa mai karatu a nan.

Garinmu Gangara yana cikin ƙasar Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, inda Gobirawa suka sake zama bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. Ta kudu muna da Isa da Shinkafi, ta arewa kuwa iyakar Nijar ce da ƙasar Maraɗi. Mutanen da suka yi suna a kan doki, ba mamaki 'ya'yansu su fara wasa da dokin kara. Dattawan da na tambaya duk bakinsu ɗaya, cewa kafin mota, abin hawan yaro shi ne dokin kara, dukiyarsa kuwa shanu da raƙuman da yake ginawa da laka a bakin fadama. Watau yaro yana kwaikwayon abin da ya ga yana da daraja a idon manya.

Mota ta shigo ƙasar Hausa a farkon mulkin Turawa, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin sarakunan farko da suka mallake ta. Amma abin da ya kusantar da ita gare mu shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, sa'an nan wani reshe ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Daga nan sai gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa Ƙaura, da farko a kan jakai da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci masu bodin katako da ke bin hanyar Shinkafi da Isa zuwa Sabon Birni. Direba ya zama wani ƙaramin sarki, yaron mota ya zama abin sha'awa. Yaran da ke sukuwa a kan dokin kara suka fara murza sitiyari da hannu, suna ƙugin inji da baki.

Ga yadda muke yin motar kara, don ɗan birnin da bai taɓa gani ba. Bayan girbi, a sami karan dawa busasshe mai kauri, a ɓare bayansa sili-sili, a bar totuwar ciki fara fat. Totuwa ita ce katako, silin bayan kara shi ne ƙusa, in kuma ana son wurin ya yi ƙarfi sai a soka ƙayar aduwa. A fara da shimfiɗar ƙasa, a ɗora kan mota, sa'an nan a tada bodi hawa-hawa kamar yadda kafinta ke jera katako. Taya ita ce wurin gardama. A zamanin kakana sakaina ake fafewa a zagaye. A zamanin ubana aka koma yanka tsohon silifa, mu kuwa mun haɗa da murafun kwalba. Daga kara aka ci gaba zuwa motar langa-langa, wadda ake lanƙwasawa da siraran ƙarafan ɗaurin dila, da motar waya mai dogon sitiyari da yaro ke tuƙawa yana tsaye, da motar gwangwanin madara.

Abin da ya kamata a lura da shi, yaron nan ba shi da takardar zane, ba shi da ma'auni sai ido da ɗan yatsa. Ranar kasuwa zai je tasha ya tsuguna gindin mota, ya ƙirga tayoyi, ya duba inda aka rataya safaya, ya ga yadda ƙyauren baya yake buɗewa. Ya dawo gida ya fitar da ita daga kansa. Shi ya sa mutum yana iya karanta tarihin hanyarmu a cikin motocin yara: masu bodin katako, sai Landiroba ta ma'aikata, sai a-kori-kura da kiya-kiya, sai fijo, sai gingimari da tifa. In motarka ba ta yi kama da wadda ka ce ita ce ba, 'yan uwanka za su gaya maka a fuska, ba kara.

Ban san cewa wannan wasa namu yana da ɗan uwa a ƙasashen waje ba sai da na zo jami'a. Wata rana a wurin masu gwanjo na tsinci wani kwali cikin tarkacen kayan wasa, da hoton mota a bayansa, an rubuta Tamiya da kuma 1:24. Na buɗe, ban ga mota ba, sai gutsattsarin roba a manne jikin wasu firamomi, da takarda mai zane-zane da lambobi. Ma'anar 1:24 ita ce an rage kowane sashe na motar gaske sau ashirin da huɗu, ta yadda mota mai tsawon mita huɗu da rabi za ta dawo kusan santimita 19. Aikin mai saye shi ne ya ciccire, ya liƙa da gam, ya shafa fenti. Ashe akwai manya masu furfura a Turai da Amurka da Japan da wannan ne abin shaƙatawarsu, har da gasa da mujallu.

Da na bi diddigi sai na tarar sana'ar ba ta girmi motar kara ba. Kamfanin Airfix na Ingila, wanda Nicholas Kove ya kafa a 1939, da kayan wasa na roba da ake hurawa ya fara, ya koma yin mataji. A 1949 aka ba shi aikin ƙera ƙaramar tarakta ta Ferguson don talla. Da aka ga haɗa ta a masana'anta yana cin kuɗi, sai aka fara sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa. Abin da aka yi don tsimi shi ne ya zama kasuwa. A Amurka kamfanin Revell ya fito da jerin tsofaffin motoci a farkon shekarun 1950. Shi kuwa Tamiya, a 1946 aka kafa shi a garin Shizuwoka na Japan, kuma gidan yankan katako ne tun asali, da katako ya fara ƙera kayan wasa kafin ya koma roba wajen 1960. Sirrin sana'ar duka yana ga ƙirar ƙarfe da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki. Sassaƙa ta yana da tsada ƙwarai, amma da an gama, za ta haifi dubban kwalaye iri ɗaya. Mai wannan ƙarfe shi ke da sana'a. Ita ma kasuwar ta ga tasku, don Airfix ya durƙushe a 1981, ya yi ta sauya hannu har Hornby ya saye shi a 2006.

Na yi mako biyu ina haɗa motar nan a ɗaki, ta kuwa fito tsaf, har da madubi da kujeru. Da hutu na kai wa kawuna, wanda ya yi shekaru yana yaron mota a hanyar Ƙaura, kuma shi ya koya mini ɓare kara. Ya jujjuya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ɗana, wa yay yanke maka ƙyauren ga?" Na ce, "Kawu, a yanke ya zo." Ya ce, "Tayun hwa?" Na ce su ma haka. Ya miƙo mini, ya ce, "To ba ƙera ta kay yi ba, liƙi kay yi." Na ji haushi a ranar, don na sha wuya wajen fenti. Daga baya na ga maganar ta wuce ni da kwalina.

Dalili kuwa, ƙasarmu ma motar kwali ta saya. A shekarun arzikin man fetur gwamnati ta shiga yarjejeniya da kamfanonin waje aka kafa wuraren harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, duka sun fara aiki a 1975, sai Steyr a Bauci, da Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da Mercedes a Inugu. Sassan fijo daga Faransa suke zuwa, har ma an yi shekaru ana kwaso su a jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, a ɗauke su zuwa Kaduna a ɗaure. An yi alkawarin cewa sannu a hankali za a riƙa yin sassan a gida, an kuma yi wasu, amma inji da manyan ƙarafan da ake buga jikin mota da su suna can inda suke. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kwalin ya fi ƙarfin aljihu, masana'antun suka shiga ciwon da mafi yawansu ba su tashi ba. Ba na cewa yaron da ya iya totuwa zai wayi gari ya ƙera inji. Ina dai cewa shi ya saba duban abu ya auna, ya nemi kayan aiki a inda yake, ya yanka da kansa, kuma ban taɓa ganin malamin firamare ya tambaye shi yadda ya yi ba. Mu a makarantarmu, in aka kama ka da motar waya, ƙwace ta ake yi.

Yau motar kara tana fuskantar abu biyu. Na farko motocin roba 'yan Cana, masu araha, waɗanda ko liƙin ma ba a bar wa yaro ba. Na biyu ya fi muni. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, gonaki da dama sun zama saura, kara ya yi wuya, jama'a da yawa sun yi gudun hijira zuwa cikin Sabon Birni ko ƙasar Maraɗi. A 2021 an rufe kasuwanni, an katse layukan waya na wani lokaci, kuma a watan Disamba na shekarar aka ƙone wata motar fasinja a kusa da Gidan Bawa, fiye da mutum 20 suka rasu a ciki. Tashar da yaro ke zuwa ya ɗauki darasi ta zama wurin da uwa ke hana ɗanta zuwa.

A hutun da ya wuce na tarar da ɗan yayata, mai shekara tara, a gidan da suke zaune na aro, yana ɓare wani guntun kara da ya zaro daga danga. Hannunsa ya faɗa, ya ma fi ni iya soka sili. Na tsuguna in ga wace mota zai fitar. Babur ya yi, ya ɗora mutum uku a kai, kowanne da ɗan tsinke a rataye a kafaɗa. Na ce, "Yi mini babbar mota mai bodin katako, in saya." Ya ce, "Kawu, yaya take?" Sai da na zana masa ita a ƙasa da yatsa, na nuna masa inda ake rataya safaya.