Yadda ruwan zafi ke lalata bututun kwamin wanke-wanke, ya kuma jawo wari

A mafi yawan gidajen da ake ginawa yanzu a biranen Najeriya, da bututun roba nau'in PVC ake haɗa magudanar kwamin wanke-wanke na ɗakin girki. Yana da araha kuma ba ya tsatsa, sai dai ba ya jure zafi mai tsanani.

Iyakar zafin da aka ƙera shi ya ɗauka ita ce kimanin digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, alhali ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Ruwan taliya ko na shinkafa da aka tace cikin kwami daga saukewa ya fi ƙarfinsa. Sau ɗaya ba lallai ya yi ɓarna ba, amma yau da gobe robar takan yi laushi, bututun ya lotsa, mahaɗan da aka liƙe da gam ko aka ɗaure da zoben roba su saki. Alamar farko ita ce ɗigar ruwa a ƙarƙashin kwamin.

Tushen warin

A ƙarƙashin kwami akwai wata gwiwa mai siffar harafin U, ko mai kama da kwalba. Aikinta shi ne riƙe ruwa mai zurfin kimanin santimita 5, wanda ke tare iskar da ke tasowa daga sokawe. Wannan iska tana ɗauke da sinadarin haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan zafi ya karkatar da gwiwar, ko yoyo ya tsiyaye ruwanta, hanya ta buɗe wa wari. Haka nan ruwan yakan ƙafe idan an daɗe ba a yi amfani da kwamin ba, musamman da hunturu.

Tushe na biyu shi ne maiƙo. Manja da man shanu da kitse sukan daskare a jikin bututu, su kama ɓurɓushin abinci, ya ruɓe. Masu zuba tafasasshen ruwa don maganin wannan suna narkar da maiƙon ne kawai, ya gangara gaba ya sake daskarewa, sau da yawa a inda bututun ya lotsa.

Kariya da gyara

A bar ruwan girki ya huce kafin a zubar, ko a buɗe famfon ruwan sanyi yayin zubawa. A goge maiƙon tukunya kafin wanki, a kuma sa rariya a bakin magudana. Idan wari ya taso, a fara da sakin ruwa domin gwiwar ta cika. Idan bai gushe ba, a tara bokiti, a kwance ta, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu.

A yi hattara da sodar yin sabulu, domin tana haifar da zafi sosai idan ta haɗu da ruwa. Kada kuma a gauraya bilic da wani sinadarin wanki mai asid, saboda haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba.

Bututun da ya riga ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Maganinsa shi ne mai gyaran famfo ya yanke wurin, ya sa sabo.