BABI NA UKU: Maƙeran Ƙasar Hausa da Gyaran Bututun Adaka Daga Ƙarni na 18 Zuwa na 20

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin sana'ar ƙira a ƙasar Hausa da kuma rabuwar maƙera zuwa maƙeran baƙi da maƙeran fari. Wannan babi kuwa zai dubi rawar da maƙeran suka taka wajen gyaran bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka ko harba-ka-ruga. Za a fi mayar da hankali a kan bututun bindigar, wanda wasu ke kira hanci, domin shi ne sashen da tsatsa ta fi ci. Manufar babin ita ce ya nuna cewa gyara ne ya tsawaita rayuwar bindiga a ƙasar Hausa, kuma inda hikimar maƙeri ta tsaya nan amfanin bindigar ya tsaya.

3.1 Shigowar Bindiga Ƙasar Hausa

Bindiga ta riga ta isa Barno kafin ta bazu a ƙasar Hausa. Imam Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 16, yana da Turkawa masu harbi da kuma bayin da aka koya wa sarrafa bindiga. A Kano kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka kawo bindigogi daga Nupe, sannan Sarki Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ya kamata a lura cewa a wancan zamani kalmar 'yan bindiga tana nufin rukunin bayin sarki masu riƙe da bindigogin fada. Ma'anar ɓarayin daji da kalmar ta ɗauka abu ne na baya-bayan nan.

Hanyoyi biyu ne bindiga ke biyowa. Ta farko ita ce ta Sahara, daga Tarabulus zuwa Gat da Agadas da Damagaram. Ta biyu ita ce ta kudu, daga bakin teku ta ƙasar Yarbawa da Nupe. Kowace hanya aka biyo, bindigar kan yi watanni a hannun fatake, cikin rairayi ko cikin danshi, kuma sarakunan da ke kan hanya sukan zaɓi masu kyau su bar ragowar su wuce. Wannan ne ya sa bindiga ta yi ƙaranci, ta kuma yi tsada. Alal misali, a shekarar 1826 Baturen nan Kilabatan ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta dubban mayaƙa tana yaƙar Gobirawa, amma bindigogin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya yi tsada haka ba a jefar da shi don ya yi tsatsa, sai dai a kai wa maƙeri.

3.2 Dalilan Lalacewar Bututu

Za a iya kasa dalilan lalacewar bututun adaka gida uku.

Dalili na farko shi ne asalin ƙirar. Yawancin bindigogin da ake kawowa Afirka ta Yamma an ƙera su ne a Bamingam ta Ingila da Liyaj ta Beljiyam, domin ciniki, a kan farashi mai rahusa. Akan naɗe fallen ƙarfe a jikin wata sanda, a haɗe gefunansa da wuta da guduma, sai ya zama bututu. Idan haɗin bai kama sosai ba, to nan ne bututun zai tsage. A shekarar 1813 aka kafa gidan gwajin bututu a Bamingam, inda ake ɗura wa kowane bututu albarushin da ya wuce kima a harba, wanda ya jure a buga masa hatimi. Kafin wannan lokaci bindigogin cinikin Afirka sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai harbi.

Dalili na biyu shi ne albarushin kansa. Ana haɗa shi ne da gawayi da farar wuta da gishirin albarushi, kuma idan ya ƙone kusan rabin nauyinsa ba ya zama hayaƙi, toka yake zama. Wani kaso na tokar kan manne a cikin bututu, kuma tana jawo danshin iska. Saboda haka bindigar da aka harba da damina aka jingine ba a wanke ba, cikin 'yan kwanaki tsatsa za ta fara haƙa ƙananan ramuka a cikinta, musamman can ƙasa inda albarushi ke zama. Ƙaramar kafar da wuta ke bi ta isa ga albarushi ita ma takan buɗe a hankali, har ƙarfin harbi ya riƙa zurarewa ta nan.

Dalili na uku shi ne abin da ake ɗurawa. Da yake darma tana da wuyar samu, maharba da mayaƙa sukan ɗura guntayen ƙarfe da tsakuwa, masu farautar giwa kuma sukan sa sango. Waɗannan duk suna kankare cikin bututu. Haka kuma sandar ɗuri takan cinye bakin bindigar saboda yawan gogayya.

3.3 Hanyoyin Gyara

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa babu ɗuri a ciki, domin albarushi kan yi shekaru masu yawa bai mutu ba, kuma bututu mai ɗuri idan ya ji wutar maƙera tashi zai yi. Bayan haka sai wanki da ruwan zafi, wanda ke narkar da tokar, sannan a goge cikin da tsumma da lallausan yashi, a busar, a shafa mai. Wannan yana kawar da tsatsar da ke sama-sama, amma ramukan da ta riga ta haƙa suna nan yadda suke.

Idan bakin bindigar ya cinye ko ya tsage, akan yanke shi a gyara da magagari. Da yake adaka doguwar bindiga ce, takan jure yanka fiye da sau ɗaya. Idan kafar wuta ce ta buɗe, akan toshe ta da wani ƙarfen a sake huda ta. Ƙananan tsaga kuwa akan like su da tagulla da sinadari, aikin da ya fi kusa da na maƙeran fari. Daɗin daɗawa, akan ɗaure bututu da ɗanyar fata ko zoben tagulla, kamar yadda ake gani a jikin tsofaffin bindigogin Afirka ta Yamma da ke gidajen tarihi. Ɗaurin yana riƙe bututu a jikin icensa, amma ba ya ƙara wa ƙarfen da ya sirance kauri.

A nan yana da kyau a kwatanta da abin da ya gudana a Amurka a ƙarni na 18 da na 19. Bindigogin maharbansu suna da zane mai murɗiya a cikin bututu, wanda ke juya harsashi ya tafi sak. Idan zanen ya cinye, maƙerin bindiga yakan sake yanka shi, ramin ya ɗan ƙara faɗi, a yi wa bindigar sabon mazubin harsashi. Hakan ya yiwu ne domin bututunsu na da kauri. Adaka kuwa cikinta sumul yake, jikinta kuma siriri ne, saboda haka duk gogar da aka yi mata rage mata ƙarfi take yi.

3.4 Iyakar Gyara da Tasirinta

Maƙeri yana iya tsayar da tsatsa, amma ba ya iya mayar da ƙarfen da ta ci, kuma ba shi da gidan gwaji irin na Bamingam. Ke nan a hannun mai harbi ake gwada bindigar da aka gyara, kuma shi ke biya da yatsunsa ko idonsa idan ta fashe. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa doki da mashi da baka suka ci gaba da zama ƙashin bayan rundunonin Daular Usmaniyya har wajen ƙarshen ƙarni na 19, kamar yadda Smaldone ya yi bayani a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a daular.

Damagaram ta nuna abin da kan faru idan sarki ya tsaya wa masu sana'a. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a birnin Zindar. Duk da haka, bindigogin sayo su ake yi daga Tarabulus, kuma wannan ƙarfi bai hana Faransawa cin garin a 1899 ba.

Wani abin lura shi ne yarjejeniyar Burasal ta 1890. Ƙasashen Turai sun hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, amma suka bar cinikin bindiga mai ƙanƙara marar zane da albarushin kasuwa. Wato a daidai lokacin da Turai ta yi watsi da bindiga mai ɗuri ta baki, doka ta tsare talakan Afirka a kanta. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da bindiga mai ruwa da igwa suka zo.

3.5 Sana'ar a Ƙarni na 20

Bayan zuwan Turawa adaka ta bar fagen fama ta koma hannun maharba da masu tsaron gona, da kuma 'yan bindigar sarki masu harbi a hawan salla. Yawaitar tsofaffin ƙarafa ta sauya sana'ar, domin maƙera sun fara sa bututun sitiyarin mota ko bututun ruwa a madadin wanda ya lalace. Wannan ya sauƙaƙa aikin, amma bututun ruwa ba don jure ƙarfin albarushi aka yi shi ba.

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware wa bindigogi masu ɗuri ta baki rukuni na musamman, ta kuma haramta ƙera su ko gyara su ba tare da izinin hukumar 'yan sanda ba. Wannan ya sa masu aikin da yawa suka daina yin sa a fili. Sana'ar da ake yi a ɓoye kuwa wuya take yi wa mai son koyo, haka kuma ga mai son rubuta tarihinta.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa bindiga ta iso ƙasar Hausa da tsada da kuma rauni, kuma albarushi da danshi da irin abin da ake ɗurawa sun haɗu wajen cinye bututunta. Maƙera sun tsawaita rayuwarta ta hanyar wanki da yanka da liƙi da ɗauri, amma ba su da hanyar mayar da ƙarfen da ya tafi ko ta gwada wanda ya rage. Saboda haka tsofaffin adakokin da suka rage a fadoji da gidajen gado sun fi dacewa a tsayar da tsatsarsu a adana su da alamun gyaran da ke jikinsu, domin waɗannan alamu shaida ce ta aikin maƙeran da ba a rubuta sunayensu ba. Babi na gaba zai dubi haɗa albarushi da cinikinsa a kasuwannin ƙasar Hausa.