Ruwan Batir: Daga Zamanin Planté Zuwa Rumfunan Dambam

A bakin titin Azare zuwa Potiskum, inda ya ratsa Dambam, mai cajin batir yakan kwance murafu shida na batirin mota, ya leƙa, ya ƙara ruwa. Dubi wandonsa, duk huji ne inda ɗigo ya faɗa. Ruwan nan asid ne da aka sirka da tataccen ruwa, kuma irinsa ne Bafaranshe Gaston Planté ya tsoma dalma a ciki a 1859, ya samar da batirin farko da ake sake yi wa caji.

Tun daga nan masana ke neman dabarar ɗaure wannan ruwa. A 1886 Bajamushe Carl Gassner ya kwaɓa sinadarin batirinsa ya yi kauri, aka samu busasshen batir, kakan na tocila da rediyo. A 1957 kamfanin Sonnenschein na Jamus ya daskarar da asid ɗin kamar kamu, ko an karkata batirin ba ya zuba. Jikokinsa ne ke cikin gidaje masu sola a Azare. Batirin litiyam da Sony ya fitar a 1991 ya rabu da dalma, amma ruwansa na kama wuta. Shi ya sa batirin waya da ya kumbura ba abin wasa ba ne, shi ya sa kuma bincike ya karkata ga sandararren sinadari da sodiyam, ɗan cikin gishiri.

Sai dai a wajenmu babban haɗarin yana zuwa ne bayan batir ya mutu. 'Yan gwangwan dalmar suke so. Sau da yawa akan fasa batirin a tsiyaye ruwan a ƙasa, tare da gubar dalmar da ya kwaso, a inda yara ke wasa, awaki ke kiwo. A Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura. Mu ma mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, inda ta fito daga dutsen zinariya ta hallaka yara sama da 400.

A 2024 Najeriya ta kafa ƙa'idojin kula da batura ƙarƙashin hukumar NESREA. Ƙa'idar ta yi kyau, amma a ganina ba za ta taɓa rayuwar mutumin Dambam ba sai an buɗe wurin karɓar mataccen batir da ruwansa a ciki, a farashin da ya fi na mai fasawa.