Askar Wanzami a Mina da Ƙwayar da Ta Gagari Magani

A ranar 10 ga watan Zulhajji, bayan jifan shaiɗan da yanka, dubban alhazai sukan yi layi a Mina domin aski. Abin da wanzami yake riƙe da shi ɗan ƙarami ne, amma likitocin aikin hajji sun daɗe suna sa masa ido, domin aska guda da ta bi kawuna da yawa tana iya ɗaukar cuta daga wannan ta kai wa wancan. Cikin cututtukan akwai ciwon hanta, akwai kuma wata ƙwaya mai suna stafilokokas.

Ita wannan ƙwaya ita ce ke kawo maruru da ruɓewar miki. Wajen mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta dame shi ba, sai fa in ta sami ƙofa, watau yanka ko ƙujewar fata, ta shiga jiki. Wani likitan fiɗa a Abadin ta ƙasar Sikotland, Alexander Ogston, shi ya fara bayyana ta a 1880, bayan da ya duba mugunya da madubin likita. A 1928 kuma, a asibitin St Mary's na London, Alexander Fleming ya lura cewa wata fumfuna ta kashe ƙwayoyin stafilokokas da yake renonsu a faranti. Daga nan aka samo penisilin.

Murnar ba ta daɗe ba. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Kafin ƙarshen shekarun 1950 penisilin ya daina cin stafilokokas a asibitoci masu yawa. Aka fito da sabon magani, metisilin, a 1959, amma a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton ƙwayar da ta gagare shi a Ingila. Ita ce ake kira MRSA, wadda ta bazu a asibitocin duniya, daga baya ta ɓulla cikin gari.

Birnin Makka ya riga ya san abin da cuta marar magani ke yi a cikin taro. A hajjin 1865 kwalara ta kashe mahajjata wajen 15,000 cikin kimanin 90,000, masu komawa gida kuma suka kai ta Masar, daga can ta haye Turai. Saboda haka aka yi taron ƙasashe kan kiwon lafiya a Istambul a 1866, daular Usmaniyya kuma ta buɗe wurin tsare alhazai a tsibirin Kamaran a 1882. A lokacin babu maganin da zai kashe ƙwayar kwalara, sai aka koma ga tsare hanyar da take bi, da gyaran ruwan sha da kawar da ƙazanta.

Irin wannan dabara ce likitoci suke dogara da ita wajen hana yaɗuwar MRSA. Tun 1847 Ignaz Semmelweis ya nuna a Biyana cewa wanke hannu da ruwan kulorin yana rage mutuwar masu jego ƙwarai. Har yau wanke hannu da sabulu ko goge shi da sinadarin kashe ƙwayoyi, da tsabtace kayan aiki, da rufe miki, su ne manyan makamai.

A Mina hukumomin Saudiyya sun ware wuraren aski, suna ba wanzamai izni, sun kuma wajabta sabuwar reza ga kowane kai, a yi amfani da ita sau ɗaya a yar. Duk da haka akan sami masu aski a gefen hanya, kuma alhajin da ya gaji yakan miƙa kansa gare su. A 2019 mutane kusan miliyan biyu da rabi suka yi hajji, kowa kuwa ya koma garinsu da abin da fatarsa ta ɗauko. Alhajin da ya tsaya ya ga an buɗe sabuwar reza a gabansa, bai kuma ari tawul ko askar ɗan'uwansa ba, ya kare kansa da mutanen gidan da suke jiran dawowarsa.