Jaridun Al'umma a Ƙasar Bauchi: Daga Zamanin Sa'adu Zungur Zuwa Jaridar Zumunta

Jaridar al'umma ita ce wadda ake bugawa domin mutanen gari ɗaya ko lardi ɗaya, cikin harshen da suke ciniki da shi a kasuwa, ba don mai ita ya ci riba ba. Labaranta na kusa ne: farashin hatsi, ranar awon auduga, naɗin hakimi, ɓarkewar sanƙarau, gadar da ruwa ya cinye. A Nijeriya jaridar farko da aka buga cikin harshen gida ita ce Iwe Irohin, wadda ɗan mishan Henry Townsend ya kafa a Abekuta a 1859 da Yarbanci. Arewa ba ta samu tata ba sai bayan shekara saba'in da 'yan kai. Da ta samu kuwa, ƙasar Bauchi na cikin wuraren da suka ba ta marubuta masu kaifin alƙalami.

A 1932 gwamnatin mulkin mallaka ta fara fitar da Jaridar Nijeriya ta Arewa cikin Hausa da Larabci da Turanci. Sau kaɗan take fita a shekara, kuma sarakuna da alƙalai da ma'aikatan En'e aka nufa da ita, don haka ba ta shiga zaurukan talakawa ba. Jaridar da ta shiga ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Hukumar Talifi ta Zariya ta fara bugawa a watan Janairu na 1939 a ƙarƙashin Dokta Rupert East, Malam Abubakar Imam yana editanta. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Ba a ɗora ta bisa lissafin riba ba, hukuma ce ke cike giɓin kuɗinta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a wannan shekara, sai buƙatarta ta ƙaru, domin mutane na son jin halin da 'ya'yansu soja ke ciki, gwamnati kuma na son kashe jita-jita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya domin ya riƙe aikin ɗab'i, a 1948 kuma ya ƙara da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen.

Abin da ya sa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi kama da jaridar al'umma, duk da faɗin Arewa, shi ne yadda ake karanta ta da yadda ake rubuta mata. Masu boko kaɗan ne a lokacin. Malamin makaranta ko malamin haraji shi ke karantawa da ƙarfi a ƙofar gida, jama'a na saurare, saboda haka kwafi ɗaya kan isa kunnuwa da yawa. Shafin wasiƙu kuma ya buɗe wa ƙananan ma'aikata hanyar kai kuka a kan rashin asibiti ko lalacewar hanya, abin da a da sai a fada ake iya faɗinsa, in ma an samu shiga.

A farkon shekarun 1940 birnin Bauchi ya tara mutanen da wannan hanya ta dace da su. Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, yana koyarwa a Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano ma a nan ya fara aikin malanta. Malam Sa'adu Zungur, wanda ke ɗauke da sunan gundumar Zungur da ke gefen birnin, ya fito daga gidan malamai, ya yi karatu a Kwalejin Katsina da Babbar Kwalejin Yaba ta Legas, ya koyar da ilmin tsafta a Zariya, sannan rashin lafiya ta komo da shi gida. A 1943, zamanin Sarkin Bauchi Yakubu na Uku, aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda 'yan boko da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke zama su yi muhawara a kan sha'anin ƙasa. Da muhawarar ta taɓa tsarin mulkin En'e kansa, hukuma ta janye goyon bayanta, majalisar ta watse. Sa'adu da abokansa suka kafa wata ƙungiyar ci gaban Bauchi mai zaman kanta.

A nan ne rashin jaridar gida ya fito fili. Gaskiya Ta Fi Kwabo tana da iyakar da ba za ta ƙetare ba wajen sukar hukumar da ke biya mata kuɗin takarda. Sa'adu Zungur sai ya riƙa aika rubuce-rubucensa zuwa West African Pilot, jaridar da Nnamdi Azikiwe ya kafa a Legas a 1937, har daga baya Sa'adu ya zama sakataren jam'iyyar NCNC a 1948. Amma Pilot da Turanci take fita, daga nesa kuma take zuwa. Manomin garin Liman Katagum ba zai karanta ta ba, ko da kukansa ne aka buga a ciki. Wannan na cikin dalilan da suka sa waƙa ta ɗauki aikin jarida. Waƙoƙin Sa'adu irin su Maraba da Soja da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya sun yi yawo a baki da a rubuce, suka kai inda takardar Legas ba ta kai ba. Sa'adu ya rasu a 1958.

Jaridar da aka yi wa Lardin Bauchi da kansa ta zo ne ta hanyar Yaƙi da Jahilci. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka a ƙarƙashin wannan shiri, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororin aikin. Nan da nan aka gane cewa wanda ya koyi baƙi da wasali, in bai samu abin karantawa ba, cikin 'yan watanni zai manta. Don haka aka kafa Hukumar NORLA a Zariya, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, tana buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Kano ta samu Sodangi, Katsina Himma, Sakkwato Zaruma, Zariya Bazazzaga, Borno Albishir, Adamawa Arɗo, Bauchi kuma Zumunta. Lardunan da ba Hausa ce babban harshensu ba an yi musu nasu da Tibi da Yarbanci da sauransu.

Sunan Zumunta ya dace da lardin da aka yi ta dominsa. Lardin Bauchi na wancan lokaci ya haɗa masarautun Bauchi da Gombe da Katagum da Misau da Jama'are da Ningi da Dass da ƙasar Tangale-Waja, al'ummu masu harsuna da yawa waɗanda Hausa ce ke haɗa su a kasuwa. Jaridun larduna ƙanana ne, Hausarsu mai sauƙi, labaransu na gida: aikin gona, kiwon lafiya, sanarwar En'e, da sakamakon azuzuwan manya. A Zariya ake buga su, a raba ta hannun ofisoshin En'e da malaman Yaƙi da Jahilci. Darajarsu ita ce mutum ya ga sunan garinsu a rubuce cikin ɗab'i, ya san cewa abin da ya faru a gundumarsu ya isa a ba da labarinsa.

Rayuwarsu ba ta yi tsawo ba. Kuɗin da ake samu daga sayarwa bai kai na takarda da ɗab'i da sufuri ba. 'Yan kasuwar da za su ba da talla ba su da yawa a larduna, hanyoyin mota kan yanke da damina, kuma karɓo kwabban da aka sayar daga ƙauyuka masu nisa aiki ne mai wuya. Duk nauyin yana kan gwamnati ɗaya. Da aka rufe NORLA a 1959, shekarar da Arewa ta samu mulkin kai, jaridun larduna suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Aikin littattafai ya koma hannun Kamfanin Gaskiya, daga baya kuma kamfanin wallafa littattafai na NNPC da aka kafa a 1966. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, wanda gwamnatin tarayya ta karɓe a 1975, aka mayar wa jihohin Arewa 19 a 2006, har ƙarancin kuɗi ya tsayar da fitarta.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, rediyo ne ya ɗauki mafi yawan aikin labaran gida, tunda ba ya buƙatar mai sauraro ya iya karatu. Jaridun Hausa na baya-bayan nan, irin su Aminiya da kamfanin Media Trust ya fara bugawa a 2006, na kasuwa ne, kuma ƙasa baki ɗaya suke kallo. Labarin gunduma kamar Zungur ba ya shiga cikinsu sai in wani babban abu ya auku. A wasu ƙasashen Afirka ta Yamma an sake gwada irin tsarin NORLA: a Mali an kafa jaridar karkara Kibaru da harshen Bambara a 1972 da taimakon hukumar UNESCO, aka ɗaura ta da azuzuwan manya kamar yadda aka yi a Arewa.

Tarihin Bauchi ya nuna abubuwa uku da irin wannan jarida ke buƙata. Na farko, kuɗinta ya fito daga hannuwa da yawa, kamar ƙungiyoyin ci gaban gari da na manoma da masu biyan kuɗin shekara, domin jaridar da ta dogara da hukuma ɗaya takan mutu ranar da aka soke kasafinta. Na biyu, ta samu 'yancin buga kukan jama'a, wanda rashinsa ne ya kai alƙalamin Sa'adu Zungur Legas. Na uku, a san darajar masu yi mata aiki da abin da suka bari. Malaman da suka riƙa aiko da labarai daga gundumomi ba su yi suna ba, amma abin da suka rubuta shaida ce ta rayuwar talakan lardin a shekarun da suka gabaci 'yancin kai. Tattara kwafin Zumunta da 'yan'uwanta da suka rage a gidajen adana tarihi da hannun iyalai, da ɗaukar hotonsu a kwamfuta kafin gara ta gama da su, aiki ne da ya dace da jami'o'in jihar, musamman wadda ke Gadau da yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur.