Sawakin: Tarihin Tashar Alhazai a Gaɓar Bahar Maliya

Sawakin tsohon gari ne a gaɓar Bahar Maliya, a gabashin Sudan, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota kudu da Fot Sudan, wadda mutanen can ke kira Bur Sudan. Asalin garin wani ɗan tsibiri ne kewayayye kamar faifai, a ƙuryar wani siririn lungun teku, sai unguwar Gef da ke kan tudu daura da shi. Daga nan zuwa Jidda kwana ɗaya ne a jirgin ruwa. Masu zuwa shan iskar teku a yau kango suke tararwa, masu yi musu jagora su cika su da labarin aljanu, littattafan Turawa kuwa yaƙin Mahadi ya fi ɗauke musu hankali. An tsara wannan maƙala don a jera shekarun yadda suke, a kuma sa alhazan ƙasar Hausa a gurbinsu.

Suna da mafari

Ba a haɗu a kan ma'anar sunan ba. Wasu sun ce Larabci ne, sawakin, wato mazauna. Masu hikaya sun ce asalinsa sawajin, gidajen kaso, wai nan Annabi Sulaimanu (AS) ya tsare aljanu masu taurin kai, har yau ma akwai masu yi wa kyanwoyin garin kallon aljanu. 'Yan ƙabilar Bija, waɗanda su ne masu ƙasar, Usuk suke ce masa, kalmar da ake dangantawa da suƙ, wato kasuwa, kuma ita ta fi kama da abin da garin ya rayu a kai.

Akwai marubutan da ke jan tarihinsa har zamanin Girkawa, suna cewa shi ne wata tasha da masanin ƙasa Batlamiyus ya ambata. Wannan hasashe ne. Ambatonsa na farko da suna yana cikin rubutun al-Hamdani, mutumin Yaman, a ƙarni na 10, tonon da masana suka fara a tsibirin a 2002 kuma ya kai ga alamun zama na wajen ƙarni na 11. Daga nan ya kamata a fara ƙirga.

Ibn Batuta ya sauka a tsibirin bayan ya baro Jidda, ko a 1328 ko a 1330, gwargwadon lissafin hajjojinsa da mutum ya bi. Ya tarar da wani sharifi ɗan gidan sarautar Makka, Zaidu ɗan Abu Numayyi, yana mulki, sarautar da ta zo masa ta wajen kawunnansa Bija. Ya kuma lura wurin ba ruwan sha, a kwale-kwale ake kawowa. Da tashar Aizab ta arewa ta mutu a ƙarni na 15, fatake da alhazai suka karkato nan.

Zamanin Turkawa

An saba rubuta cewa Daular Usmaniyya ta karɓi garin a 1517, shekarar da Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar. Shekarar da ta fi ƙarfi ita ce 1555, lokacin da Uzdamir Basha ya kafa lardin Habasha ya zaunar da mulkinsa a Sawakin. A tsakanin biyun, a 1541, jiragen yaƙin Fotugal suka yada zango a mashigin, ɗaya daga cikin hafsoshinsu ya rubuta bayanin garin har ya kwatanta hada-hadarsa da ta Lisbon. Ayarin Sinnar na kawo ƙaro, hauren giwa, gashin jimina, zinariya da bayi, su koma da yadi da kayan ƙamshi. Daga nan arzikin ya riƙa tsiyayewa. Matafiyin nan ɗan Suwizalan, Burkhat, da ya zo a 1814, ya tarar da kashi biyu cikin uku na gidajen a rushe.

Garin murjani

Sawakin da ake gani a tsofaffin hotuna yawancinta ginin bayan 1865 ce, shekarar da Hidiwi Isma'il na Masar ya karɓi garin daga hannun Turkawa. Bayan shekara huɗu aka buɗe mashigin Suwez, jiragen Turai suka fara ratsa Bahar Maliya, attajiran Jidda, Masar, Indiya da Girka suka cika tsibirin. A ƙarshen shekarun 1870 Godon, Baturen da ke gwamnan Sudan a lokacin, ya sa aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu. A 1881 wani attajiri, Shinnawi Bey, ya gina babban masaukin fatake a Gef, wanda masu ba da labari ke cewa ɗakunansa sun kai kwanakin shekara.

Yadda ake ginin ya cancanci a tsaya a kai, don a nan ajalin garin yake. Dutsen murjani ake sarowa daga teku, a sassaƙa shi kamar tubali, a jera, ana gitta katako a tsakanin sahu don ya riƙe bango, sannan a shafe da farar ƙasa. Gida kan kai hawa biyu ko uku. A jikin bangon ake maƙala roshan, wata taga ta katakon ƙasashen Asiya mai ɓullowa waje, mai ƙananan huda, inda matan gida ke zama iska na ratsa su suna ganin titi ba a ganinsu. Amma murjani dutse ne mai ramuka, yana shan laima da gishiri. Duk wanda ya san soron ƙasa da aka bari damina uku ba yaɓe ya san sauran labarin. Muddin mai gida na nan yana sabunta shafe, gida na tsaye, ranar da ya kulle ƙofa ya tafi kuwa, katakon ya ruɓe, bangon ya buɗe.

Yaƙin Usman Diƙna

Daga 1883 Usman Diƙna, kwamandan Mahadi a gabas, ya tayar da Hadandawa, wani reshe na Bija, ya tsare hanyoyin tudu. An gwabza a Teb da Tamai a 1884, a Tofrek a 1885, a Jummaiza a 1888. Ingila ta kawo soja har daga Indiya da Ostireliya, ta fara shimfiɗa dogo zuwa garin Barbar da ke bakin Kogin Nilu a 1885, ta watsar bayan kimanin kilomita 30. Kicina, hafsan sojan Ingila, ya yi gwamna a nan daga 1886 zuwa 1888, ƙofar ganuwa mai sunansa tana nan. Garin bai taɓa faɗawa hannun Ansar, mabiya Mahadi, ba. An kama Diƙna a 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926.

Abin da yaƙi bai yi ba, Turawan mulki suka yi da alƙalami. Mashigin Sawakin siriri ne, ga murjani ta kowane gefe, manyan jiragen tururi ba sa iya juyawa. A 1905 aka fara gina sabuwar tasha a Marsa Shaihu Bargut, aka yi bikin buɗe ta a 1909 da sunan Fot Sudan. Masu cewa Sawakin ta mutu a 1905 sun yi gaggawa. Sai a shekarun 1920 ofisoshi da manyan 'yan kasuwa suka gama kwashewa.

Hanyar alhazai

A daidai inda littattafai ke rufe babin garin, a nan na alhazan yamma ya yi kauri. Gwamnatin Sudan ta bar wa Sawakin aiki ɗaya, wato fitar da alhazai da karɓarsu, tare da wurin killace su saboda annoba. Mutanen ƙasar Hausa da Barno sun daɗe suna bin hanyar, Burkhat ma ya gamu da irinsu, amma zuwan Turawa ne ya mai da ita gwadabe. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a wajen 1906.

Mai niyya kan tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya bi ta Barno, ya haye zuwa Fot Lami, wato Njamena ta yau, sai Abeshe, sai Jinena da Fashir. Daga 1912 dogo ya iso Ubayyid, mai kuɗi ya hau jirgin ƙasa, maras shi ya ci gaba da sayyada. Tafiyar kan ci shekaru, domin a hanya ake neman guzuri. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama wurin ƙwadago, mutum ya yi kaka biyu ko uku yana tsintar auduga, ko dako, ko ga-ruwa, kafin ya haɗa kuɗin jirgi. Da yawa sun yi aure sun hayayyafa a zango, shi ya sa ake jin Hausa a Gadarif, Kasala da Fot Sudan har gobe.

A Sawakin kuwa sai an nuna fasfo, an yi lambar agana da allurar kwalara, an biya kuɗin zuwa da dawowa. Wanda bai da hali sai ya nemi masu sambuk, jiragen filafilai da ke tsallakar da mutane a ɓoye daga wasu lungunan gaɓa. Wasu sun nutse, wasu an sauke su nesa da Jidda, wasu kuma, musamman yara, an sayar da su bayi a Hijaz, inda ba a haramta bauta ba sai 1962. Larabawan ɓangarorin biyu na kiran waɗannan mutane Takarir, daga sunan tsohuwar daular Takrur, kuma can ne tushen kalmar Takari da ake faɗa a Kano yau. Jirgin sama da ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950 ne ya rage wa hanyar jama'a sannu a hankali. Su kuwa gidajen tsibirin, a shekarun 1940 zuwa farkon 1950 wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna su ya zana su kafin su zube, littafinsa ya fito a 1976.

Bayan haka

A 1991 aka buɗe sabuwar tashar fasinja mai sunan Usman Diƙna, a 1994 Sudan ta sa garin a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya da ginin kwastan. A Disamba 2017 Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, aka ba Turkiyya aikin farfaɗo da shi, abin da bai yi wa Masar da Saudiyya daɗi ba. Bashir ya faɗi a 2019, yaƙi ya ɓarke a ƙasar a Afrilu 2023.

Wanda Allah ya nufa da zuwa idan hanya ta yi kyau, zai sami soyayyen kifi da gahawar jabana mai citta a bakin ruwa, kafin ya haye zuwa tsibirin. Ya sa takalmi mai kauri, domin ɓaraguzan murjani na yanka ƙafa, kada kuma ya jingina da bangon da ya ga yana tsaye.